Shayin Yaya Malam

A Malali nake zaune, amma mutanen Unguwar Sarki sun fi maƙwabtana sanin muryata, don da wuya kwana biyu su wuce ban hau Keke na je na yi wa yayana faɗa ba. Sunana Husaina, ƙanwar Malam Yusha'u mai rubutun Alƙur'ani. Mu biyu muka rage a ɗakinmu. Hassanata ta daɗe da rasuwa, maigidana ya bi ta, 'ya'yana suna Abuja sai dai waya. Shi kuwa Yaya Malam Allah bai ba shi haihuwa ba. Matarsa Saratu ta rasu, ɗaliban da a da suke cika masa zaure sun watse, wasu Islamiyya ta kwashe, wasu kasuwa. Gida ya koma daga shi sai buzu da kwalaben tawada.

Bayan rasuwar Saratu ne ya fere sababbin alƙaluma. A ƙuruciyarsa ya sha rubuta Alƙur'ani da ka, amma duk sun tafi hannun mutane, ko ɗaya bai kwana a gidan ba. Wannan ya ce na Saratu ne. In ya kammala zai kai masallacin layinsu a riƙa karantawa, ladan yana isar mata. Kullum da hantsi yakan zauna a bakin zaure inda haske yake shigowa, ya ɗora takarda a gwiwa, ya fara da baƙar tawada. In ta bushe ya bi da ja yana sa wasula, sannan ya ɗiga ruwan ɗorawa inda ya kamata. Aikin ido ne daga farko har ƙarshe, kuma idon ne ciwon suga ya fara lasa.

Ta wajen alwala na gano shi. Yaya Malam ba ya taɓa takardar nan sai da tsarki, sai na lura kafin ya cika shafi ya tashi ya zaga bayi ya fi a ƙirga, ya dawo ya sake alwala. Ga ƙishi kamar wanda ya yi noma. Ran da na ga kiyashi sun yi layi a makwararar bayin, ban tsaya neman shawararsa ba, na kira mai Keke na ce ya tashi.

Likitar wata yarinya ce mai haƙuri, ta fi ni nesa ba kusa ba. Ta ce masa suga in ya yi yawa a jini ba zama yake yi kawai ba, cin ƙananan jijiyoyi yake yi a hankali, na ƙoda, na ƙafa, da na bayan ido. Ta ce na idonsa sun fara rauni. Ta rubuta magani, ta ce amma maganin ba zai iya shi kaɗai ba, sai ya rabu da zaƙi. Ya ce to. Ni da na san shi tun ina goye, na san wannan to ɗin ba ta wuce ƙofar asibiti ba.

Don kuwa Yaya Malam da shayi sai Allah. Ba irin na mai tebur ba, mai madara da burodi. Irin na Buzaye ne, wanda ya koyo a yawon karatunsa: 'yar buta shuɗiya a kan kurfoti, ganye ya dahu har ya yi baƙi, a zuba suga a cikin butar kamar ana jin haushinsa, a yi ta ɗagawa ana tsiyayawa daga kofi zuwa buta har kumfa ta tashi. Sau uku ake sha, kuma tsakanin kofi da kofi sai an sake jiran wuta. Saratu tana raye ma na sha cewa wannan ba shayi ba ne, alewa ce aka narkar.

Bayan asibiti ya ɗan rage, ban ƙi gaskiya ba. Shi kaɗai ne a gidan, wa zai hura wa gawayi? Sai ga Sharhabil ya faɗo.

Sharhabil tsohon ɗalibinsa ne, a gabansa ya haddace, yanzu ya zama magidanci mai ƙamshin turare da jakar hannu. Sana'arsa sayar da wasu ƙwayoyi a farar roba mai hoton koren ganye. Wai sinadaran tsirrai ne zalla, an tatso daga zogale da kirfa da kurkum da wasu itatuwan da ko sunansu ban iya faɗa ba. Ina daga cikin gida ina tankaɗe na ji shi yana cewa, "Allah gafarta Malam, wannan ba haɗin Bature ba ne, abin da Allah ya tsirar ne. In ka sha biyu kafin shayi, duk sugan da ya shiga sai ya bi shi ya wanke."

Na leƙo na ce, "Sabulu ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya ba kya rabo da barkwanci."

Na ce, "Ba ni da wasa da kai, ɗan nan."

Daga ranar zauren ya farfaɗo. Sharhabil da abokan sana'arsa in sun taso daga tallarsu a Kawo, nan suke yada zango bayan la'asar. Ga inuwa, ga tabarma, ga shayin da babu irinsa a unguwar, kuma kyauta. Har hoto suke ɗaukar Yaya Malam riƙe da robar, su baza a waya wai ga babban malami ma shi yake sha. Shi kuwa ya haɗiyi ƙwaya biyu, ya jawo kwalin suga, ya yi ta zubawa yana murmushi. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin jana'izar Saratu.

Na ɗauki roba ɗaya na kai wa likitar. Ta juya ta, ta karanta, ta ce ita ba ta raina ganye ba, wasu ma ana kan bincikensu, mai yiwuwa suna ɗan taimakawa. Amma babu ƙwayar da za ta bi bayan sugan da mutum ya sha ta kwashe shi, ko ta ganye ko ta asibiti. Ta ce in ya ci gaba a haka, jijiyoyin idon za su iya fashewa su zubar da jini a ciki. Na dawo na zazzage masa maganar tas, har da ƙari. Ya saurare ni yana fere alƙalami, ya ce, "Allah ya kyauta." Na ce Allah ya riga ya kyauta, tunda ya ba ka kunne.

Da na ga magana ba ta ci, sai na sa hannu. Wata ranar na tattara duk sugan gidan, na kwali da na leda, na zuba a jakata na tafi da shi Malali. Na kuma biya wa mai kanti na layin na ce duk ran da ya sayar wa Malam suga ni da shi ne. Na kwana ina jin daɗi kamar na ci yaƙi.

Da na koma bayan 'yan kwanaki, la'asar ta yi, amma zauren shiru. Ga tabarma a shimfiɗe, ga kofuna a wanke a jere a faranti, ga gawayi a kurfoti ba a hura ba. Yaya Malam yana zaune ya fuskanci ƙofa. Ya ji takuna ya ɗago da sauri, da ya gane ni ce sai kafaɗunsa suka sauka. Wallahi abin ya sosa min rai, don ni ma na san yadda mutum yake sauraron ƙofa.

Na ce, "Ina mutanen naka?"

Ya ce, "Sun zo ran da kika tafi da sugan. Na dafa musu haka nan. Sharhabil ya kurɓi na farko, ya tuna yana da saƙo a Kawo. Ba su dawo ba."

Na ce, "To ka gani! Ashe ba kai suke zuwa gani ba, kwalin suga suke zuwa gaisarwa."

Ya ce, "Na sani."

"Ƙwayar ma da yake ɗura maka ba ta wanke komai."

"Ita ma na sani, Husaina. Ni nake cikin jikin nan. Tun yaushe nake ganin layi yana rawa."

Na zaci ruɗarsa aka yi, ashe da idonsa biyu ya shiga. Na ce, "Haba Yaya Malam! Ka sani kake kashe idonka? To ka zuba musu nasu, kai ka sha naka babu suga mana."

Ya girgiza kai. Ya ce ba a yin haka. A cikin buta suga yake dahuwa, kuma mai dafawa shi yake fara ɗanɗanawa. Wanda ya miƙa wa baƙo abin da shi ba ya sha, sallamarsa yake yi a fakaice. Ya ce, "Kin san amfanin kofi uku? Jira. Kafin na biyu ya dahu dole mutum ya zauna, in ya zauna dole ya yi magana. Ni tun da Saratu ta tafi, in ba sallamar salla ba, sai in wuni ban ji muryata ba."

Na ce, "Ni fa? Ni ba mutum ba ce? Kullum ina hanya saboda kai."

Ya ce, "Ke ai ba kya zama. A tsaye kike faɗanki, mayafi a kafaɗa, mai Keke yana jira a waje."

Ai zaure wurin maza ne, tun muna yara a gidan mahaifinmu Baffa ba a saba mace ta baje a ciki ba. In na zo ciki nake wucewa, in share, in dafa, in wanke, in fito in yi faɗa in tafi. Naka sai naka, daɗin zama sai bare, haka Hausawa suka ce, amma ban taɓa jin zafin karin maganar nan ba sai ranar. Na ja mayafina na fita ina ƙunƙuni.

Kafin in san yadda zan ɓullo masa, aka kira ni daga Abuja, 'yata Nafisat ta haihu, haihuwar fari kuma da aiki aka ciro. Dole na tafi zaman jego. Na bar wa maƙwabciyarsa amanar abincinsa, na jera masa maganin asibiti, na roƙe shi don Allah don Annabi. Ya ce in gaida jariri. A can ina wankan jego hankalina yana Kaduna. In na kira shi da yamma sai in ji hayaniyar maza da ƙarar kofuna a bayansa, in san an samo suga a wani kantin. Muryarsa kuwa fes, yana ta ba ni labari: ya wuce nan, ya wuce can, saura izu kaɗan. Ya ce sauri yake yi. Ban tambaye shi saurin me ba, don na sani.

Na dawo bayan arba'in. Washegari da hantsi na isa Unguwar Sarki, na tarar da shi cikin farar riga, ya sa turare, ga takardu a tsare a gabansa tsakanin fatu biyu. Na yi sallama, ya amsa yana kallon gefen da ba nan nake ba.

Ya ce, "Kin zo a sa'a. Jiya na sa aya ta ƙarshe. Yanzu Sharhabil zai zo ya duba min."

Haka al'adar take, wanda ya rubuta da ka ba ya kai wa masallaci sai wani mahaddacin ya bi masa shafi shafi. Na shige ciki na tsaya a bayan ƙofar da ta haɗa zaure da tsakar gida. Sharhabil ya zo shi kaɗai, ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓi takardun. Ina jin su suna wucewa shar shar shar kamar mai ƙirga buhu. Wayarsa ta yi ƙara, ya amsa, ya ce yana zuwa. Sai na ji ya ce, "Ma sha Allah, Allah gafarta Malam, hannu bai canza ba. Ka ga aikin maganin nan ko?" Ya ajiye sabuwar roba, ya ce a ɗan riƙe ta kusa da takardun ya ɗauki hoto. Ko kofi na biyu bai jira ba.

Da ya fita na yi alwala na shigo zauren. Tare da Yaya Malam muka yi karatun allo a gaban Baffa, ban haddace ba amma na sauke, na san rubutu mai kyau in na gan shi. Na durƙusa na fara buɗewa daga farko. Kai, tubarkalla! Baƙi ya zauna daram, ja yana bisa kowane harafi kamar an auna, layi a miƙe. Na yi ta buɗewa har na wuce rabi da nisa. Daga nan layukan suka fara gangarowa. Can gaba suka fara hawa kan juna. Jar tawadar ta bar haruffa ta koma faɗawa a fili tsakanin layi da layi, inda babu komai. Na iske shafin da ya rubuta sau biyu, wani a kan wani, ya zama baƙi ƙirin. Na kusa da ƙarshe kuwa alƙalamin ya bushe bai sani ba, sai sawun karce kawai a farar takarda, layi bayan layi, har ƙasa.

Hawaye suka zubo min, na kawar da kai don kada su ɗiga a kai.

Ya ce, "Husaina."

Na ce, "Na'am, Yaya Malam."

"Ke ba kya min ƙarya, ko ina so ko ba na so. Me kika gani?"

Wallahi na so in yi masa ƙaryar. Sau ɗaya a rayuwata na so in ce ma sha Allah in tashi. Amma masallaci za a kai, yara za su buɗe su karanta. Na ce, "Ai Sharhabil ya duba."

Ya ce, "Na ji yadda yake juya takardun. Mai karatu ba ya juya takarda haka."

Sai na faɗa masa. Ban ƙara ba, ban rage ba, kuma ban ɗaga murya ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce in nemo masa shafin ƙarshe da yake lafiyayye. Na koma baya ina dubawa har na samu, na karanta masa layin ƙasa. Ya gyaɗa kai, leɓɓansa suka motsa da abin da yake biye.

Ya ce, "Da saura da yawa ashe." Ya shafa fatar da aka rufe takardun da ita. "Saratu za ta yi haƙuri. Dama ita ce mai haƙurin a cikinmu."

Ya sa na ware waɗanda suka ɓaci, ya ce a ƙona su a wuri mai tsarki a binne tokar. Ni na yi, a gindin bishiyar lemun tsamin da Saratu ta shuka a tsakar gida. Yana zaune a kan turmi yana jin ƙamshin hayaƙin.

A asibitin ido sun ce jini ya zuba a ciki, kamar yadda yarinyar likitar nan ta faɗa. Sun yi abin da za su iya, sun tsare masa ɗan abin da zai ga hanya ya kai kansa masallaci. Rubutu kuwa ya ƙare. Da bakinsa ya ce in kwashe sugan, wannan karon ban ɓoye a jaka ba. Robobin ganyen suna nan a kan taga, ƙura tana hawa. Sharhabil ya zo sau ɗaya, ya kurɓi na farko, ya yi addu'ar samun sauƙi, na ji an ce yanzu a wani shago a Kawo suke zama.

Ni ce dai yanzu nake zuwa da la'asar, kuma nakan sallami mai Keke tun daga bakin layi. Ranar farko da na cire mayafi na zauna a tabarmar zauren, sai da maƙwabta suka leƙo. Su leƙa, ni na wuce jin kunyar zaure. Yaya Malam yana hura gawayinsa da lalube, yana ɗaga buta yana tsiyayawa, da kunne yake gane kofi ya cika. Shayin kuwa, Allah na tuba, ɗaci kamar maɗaci, ko kumfar kirki ba ya yi. Kullum sai na faɗa masa, kullum sai ya ce in jira na biyu.

A cikin jiran ne yake ɗauko karatu daga daidai layin da na karanta masa, inda rubutun ya tsaya, ya yi ta biyawa da ka a hankali. Ga sauran fararen takardu a gefensa, ga alƙaluma a wanke a cikin gwangwani. Wani lokacin in ya ji taku a waje sai ya katse, ya juya fuskarsa wajen ƙofa, ya saurara har takun ya wuce. Sai ya zauna shiru, kamar ya manta akwai kowa a wurin. Nakan yi gyaran murya don ya san ina nan, sannan ya ci gaba.